Amsar Tambaya: Me Ya Sa Hoton Doki Ke Fitowa Dishi-dishi Alhali an Kunna Na'urar Hana Girgiza?

Wani ɗan'uwa mai sana'ar hoto ya rubuto cewa ya sayi lensin zum mai janyo nesa, 70-300mm f/4-5.6, wanda ke da na'urar hana girgiza a cikinsa, ya ɗaura shi a kan kyamararsa mai ƙaramar sensa ta APS-C (sensa ita ce farantin da ke karɓar haske ya zama hoto), ya tafi da shi Hawan Daushe a Kano. Ya ce na'urar a kunne take tun daga farkon hawa har ƙarshe, amma da ya buɗe hotunan a kwamfuta sai ya tarar mahayan da ke jahi sun fito dishi-dishi, alhali katangar fada da 'yan kallon da ke bayansu sun fito tas. Yana son ya san ko lensin ne ke da matsala, da amfanin makunnan da ke gefensa, da kuma ko ya kamata a bar na'urar a kunne idan an ɗora kyamara a kan matokari mai ƙafa uku.

Malam, lensinka lafiyarsa ƙalau, kuma hotunan da ka kwatanta su ne babbar shaidar haka. Tun da katanga ta fito tas, na'urar ta yi aikin da aka ƙera ta dominsa, wato ta gyara rawar hannunka. Abin da ya ɓata maka hoto shi ne gudun dokin kansa, kuma babu wata na'urar hana girgiza, komai tsadarta, da ke iya tsayar da abin da ke motsi a gaban kyamara. Wannan aikin saurin shota ne kaɗai, wato labulen da ke buɗewa ya rufe domin haske ya shiga kyamara. Duk sauran bayanin da zan yi a kan wannan bambanci ya ginu, domin shi ne abin da ya fi ruɗar masu sayen irin wannan lensi a karon farko, musamman da yake masu sayarwa sukan ce musu kawai lensin ba ya bari hoto ya yi rawa.

A cikin lensin akwai ƙananan na'urori biyu masu jin juyi, waɗanda ake kira jairo. Ɗaya tana auna karkatar bakin lensi sama da ƙasa, ɗayar kuma tana auna karkatarsa dama da hagu. Abin da suka auna yana zuwa ga wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki, ita kuma ta umurci maganaɗisu su tura wani rukunin gilasai da ke shawagi a tsakiyar lensin zuwa ɓangaren da zai soke wannan karkata, ta yadda hasken da ke shigowa zai ci gaba da sauka wuri ɗaya a kan sensa. Ana yin wannan gyara sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda. Aikin ya yi kama da na mai tallar nono da ke tafiya da ƙwarya a ka, wadda wuyanta ke gyara kowane taku domin kada nonon ya zube. Abin lura shi ne jairon ba ya ganin hoto ko kaɗan, motsin jikin lensin kawai yake ji, saboda haka bai san da doki a fili ba, balle ya san gudu yake yi ko a tsaye yake.

Kamfanin Canon ne ya fara fitar da lensin da ake cirewa a sauya mai wannan fasaha a shekarar 1995, wato EF 75-300mm f/4-5.6 IS, kuma Nikon ya fitar da nasa na farko, 80-400mm VR, a shekarar 2000. Kowane kamfani da sunan da ya ba ta: Canon yana rubuta IS, Nikon VR, Sony OSS, Sigma OS, Tamron kuma VC, amma tushen aikin ɗaya ne. Ba banza ba ne aka fara sa ta a dogayen lensuna. Lensi mai tsawon 70mm a kan cikakkiyar sensa, wadda ta fi taka girma, yana ganin fili mai faɗin digiri 34 daga kusurwa zuwa kusurwa, amma idan ka murɗa shi zuwa 300mm filin yana tsukewa zuwa kusan digiri 8. Yadda lensin ke girmama abin da ke nesa, haka yake girmama rawar hannunka, har 'yar karkarwar da ba za a lura da ita ba a hoton taron biki ta zama babbar ɓarna a hoton da aka janyo daga nesa.

Daga nan ne tsohuwar ƙa'idar masu hoto ta samo asali, wadda ta ce idan da hannu kake riƙe da kyamara, kada saurin shota ya gaza ɗaya bisa tsawon lensi. A 300mm ke nan kana bukatar aƙalla 1/300 na daƙiƙa. Da yake sensarka ƙarama ce, sai ka ninka tsawon da 1.5 idan Nikon ko Sony ce, ko da 1.6 idan Canon ce, ka ga 300mm ya koma kamar 450mm ko 480mm, abin da ke nufin 1/500 ne mafi ƙarancin saurin da za ka amince da shi idan babu na'urar. Ƙarfin na'urar kuma da matakai ake auna shi, kowane mataki ɗaya yana ba ka damar ninka tsawon lokacin da shota ke buɗe sau biyu. Lensin da aka ce yana da matakai 4 zai iya sauko da kai daga 1/500 zuwa 1/250, zuwa 1/125, zuwa 1/60, har zuwa 1/30, kuma hoton abin da ke tsaye ya fito tas. Wannan riba ce babba ƙwarai, domin tana nufin kana iya aiki da kashi ɗaya cikin 16 na hasken da da za ka bukata.

To, yanzu mu ɗora wannan lissafi a kan doki. Dokin da ke sukuwa yana iya kai kilomita 40 a sa'a, wato kusan mita 11 a kowace daƙiƙa. Idan shotarka ta buɗe na tsawon 1/60, dokin ya matsa kimanin santimita 18 kafin ta rufe, kuma duk wannan tafiya a kan hoto ɗaya za ta zauna, fuskar mahayi da adon linzami su shafe. A 1/250 ya matsa fiye da santimita 4, wanda har yanzu ya isa ya ɓata ido da zanen alkyabba. Sai a 1/1000 tafiyar ke raguwa zuwa kusan santimita 1, kuma ko a nan ƙafafun doki da bakin mashi, waɗanda suka fi gangar jiki saurin motsi, suna iya nuna ɗan shafi, shi ya sa 1/1600 ko 1/2000 ya fi kwanciyar hankali idan haske ya yarda. Ina kyautata zaton ka bar kyamarar ta zaɓa maka komai da kanta, kuma da yake Hawan Daushe da yamma ake yin sa, ga ƙura tana rage haske, sai ta yi ta rage saurin shota yayin da rana ke faɗuwa. Idan ka buɗe bayanan kowane hoto a kwamfuta za ka ga lambar saurin da aka ɗauke shi da ita, kuma wannan lamba za ta tabbatar maka da abin da nake faɗa.

Maganin shi ne ka karɓe ikon shota daga hannun kyamara. Ka juya ta zuwa tsarin da Canon ke rubuta wa Tv, Nikon da Sony kuma S, ka tsayar da 1/1000 ko sama, ka bar ISO, wato lambar da ɗaga ta ke sa hoto ya haskaka ko da haske kaɗan ne, ya riƙa hawa da kansa. A nan za ka ci karo da iyakar lensinka ta gaskiya, wadda ita ce buɗinsa, wato faɗin kafar da haske ke shiga ta cikinta. Lambobin f/4-5.6 suna nufin a 70mm yana buɗewa har f/4, amma a 300mm ba ya wuce f/5.6, kuma lensi mai f/2.8 yana shigar da haske ninki huɗu na wannan. Idan ma'aunin hasken kyamara ya ba ka 1/250 a f/5.6 da ISO 400, kafin ka kai 1/1000 sai ka ɗaga ISO zuwa 1600, idan haske ya ƙara raguwa kuma zuwa 3200. Masu koyo da yawa suna tsoron ɗaga ISO saboda yashi-yashin da yake kawowa, amma a ganina wannan tsoro ba ya da hujja a irin wannan aiki. Hoton da ya fito da ɗan yashi ana iya gyara shi a kwamfuta, a buga shi, a sayar, alhali hoton da motsi ya shafe babu manhajar da za ta mayar masa da idon mahayi yadda yake.

Haka kuma ka sa fokas a tsarin bibiya, wanda Canon ke kira AI Servo, sauran kuma AF-C, domin doki mai tunkaro ka yana fita daga inda aka saita fokas cikin ƙiftawar ido, kuma a 300mm zurfin abin da ke fitowa tas siriri ne. Yana da kyau ka koyi bambanta nau'o'in ɓacin hoto da ido, tun da kowanne da maganinsa. Idan bango ya fito amma mai motsi ya shafe, shota ce ta yi jinkiri. Idan komai da komai ya ja gefe guda ko ya fito bibbiyu, rawar hannu ce. Idan kuwa wani abu da ke gaban mutum ko bayansa ya fito tas, shi kuma ya yi laushi, fokas ne ya kuskure.

Kada wannan ya sa ka raina na'urar, domin a filin hawa ma tana da wurinta. Hakimin da ya tsaya a kan dokinsa yana jiran a ba shi hanya, da dogarai a jere, da mai busa kakaki, da cikakken adon sirdi da jalala da kake son janyowa daga nesa bayan rana ta yi ƙasa, duk waɗannan ana iya ɗaukarsu a 1/125 da ISO mai sauƙi, launuka su fito da tsabta, abin da ba zai yiwu da hannu ba in babu ita. Sai dai ka tuna mutum ko a tsaye yake yana numfashi yana ƙifta ido, doki kuma yana kaɗa kai, don haka ban cika ba da shawarar sauka ƙasa da 1/125 ga mai rai ba. Su 1/60 da 1/30 a bar wa gini da ƙofa da zanen bango. Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: na'urar tana kwantar da hoton da kake gani a maleƙar kyamara, ka samu damar tsara hoto da ɗora alamar fokas a kan fuska ba tare da ta yi ta tsalle ba. Saboda wannan dalili ni nakan bar ta a kunne ko da ina aiki da 1/1000, ko da yake akwai ƙwararrun da ke kashe ta a irin wannan sauri bisa hujjar cewa ba ta ƙara komai ga kaifin hoto a wurin.

Game da makunnan da ke gefen lensi, na farko mai rubutun AF da MF na fokas ne, na biyu na kunna na'urar da kashe ta, na uku kuma, idan akwai shi, na zaɓen salon aikinta. A lensunan Canon lamba 1 tana gyara girgiza ta kowace fuska, kuma ita ce ta abin da ke tsaye. Lamba 2 ta bin abu mai gudu ce, wato lokacin da kake juya kyamara tare da doki daga hagu zuwa dama, inda na'urar ke barin juyin da ka yi da gangan, ta gyara rawar sama da ƙasa kaɗai. Idan ka bi doki a lamba 1, na'urar za ta ɗauki juyinka a matsayin girgiza, ta yi ta ƙoƙarin hana shi, ka ga hoto yana tirjewa yana fizgewa a maleƙa. Lamba 3, wadda ake samu a manyan lensuna irin su EF 100-400mm f/4.5-5.6L IS II na shekarar 2014, ba ta motsa gilasan sai a daidai lokacin da shota ta buɗe, kuma an yi ta ne domin abin da ba a san inda zai nufa ba, kamar ɗan ƙwallo ko tsuntsu. A wajen Nikon, Normal yana gane bibiya da kansa, Active na ɗauka daga cikin mota ko jirgin ruwa mai tafiya ne, Sport kuma na abu mai saurin sauya alƙibla. Wasu lensunan ba su da makunnin ko kaɗan, kamar AF-P DX 70-300mm VR na Nikon, wanda daga cikin jadawalin kyamara ake kunna nasa.

Wannan salo na bibiya shi ne hanya ɗaya da jinkirin shota ke zama alheri ga hoton doki, kuma ina so ka gwada shi bayan ka samu hotunan da ka tabbatar da su a 1/1000. Ka tsaya inda mahaya za su gifta ta gabanka, ba inda za su tunkaro ka ba, ka sauke shota zuwa 1/125 ko 1/60, ka kama mahayi a maleƙa tun yana nesa, ka juya daga ƙugu tare da shi, ka danna shota kana cikin juyin, kuma kada ka tsaya sai bayan ta rufe. Idan saurin juyinka ya dace da nasa, fuskarsa da rawaninsa za su fito, 'yan kallo su koma zare-zaren launi a bayansa, ƙafafun doki su nuna gudu. Mafi yawan hotunan za su lalace, kuma haka abin yake ga kowa, amma wanda ya fito yana ɗauke da zafin jahi fiye da hoton da aka daskarar.

Riƙon kyamara ma yana da nasa rabo, domin matakan da kamfani ya rubuta a kwali a ɗakin gwaji aka auna su, ba a cikin turmutsitsin Ƙofar Kudu ba. Ka tallabi lensin da tafin hannun hagu daga ƙasa, yatsunka a kan zoben zum, ka manna gwiwoyin hannu a haƙarƙari, ka jingina maleƙa da girarka, ka ɗan ware ƙafafu. Ɗauka ta allon baya da hannaye a miƙe yana rage abin da na'urar ke ba ka. Sannan ka danna maɓallin shota rabi, ka jira kamar rabin daƙiƙa zuwa ɗaya har ka ga hoto ya natsu kafin ka ƙarasa dannawa, domin wanda ya caka maɓallin gaba ɗaya yana iya ɗaukar hoto gilasan suna kan hanyar daidaituwa, ya samu abin da ya fi na marar na'ura muni. Idan kana son sanin iyakar hannunka, ka sami allon rubutu mai nisa, ka ɗauki hotuna goma-goma a 1/250 da 1/125 da 1/60 da 1/30 a 300mm, ka duba su a kwamfuta. Saurin da takwas cikin goma suka fito tas shi ne naka, kuma ya fi abin da ke kan kwali amfani a gare ka.

A kan matokari mai ƙafa uku kuwa, idan an ɗaure kan sosai kuma za a bar shota a buɗe na daƙiƙa ɗaya ko fiye, a kashe na'urar. Dalili shi ne idan babu girgizar da za ta gyara, tana iya bin 'yan kurakuran jaironta, gilasan su riƙa zamewa a hankali, hoto ya yi laushi. Tsofaffin lensuna irin na 1995 ɗin nan da 100-400mm na farko na 1998 ba sa gane an ɗora su a kan matokari, sababbi da yawa suna ganewa, kuma littafin da ya zo da lensinka zai faɗa maka ajin da naka yake. Idan matokari mai ƙafa ɗaya ne, ko an saki kan mai ƙafa uku domin bin motsi, ko iska tana kaɗa lensin, a bar ta a kunne. Sababbin kyamarori marasa madubi da yawa suna da tasu na'urar a jikin sensa, wadda ke gyara har da murɗawar kyamara a kan kanta, abin da ta cikin lensi ba ta iyawa, amma a dogon lensi ta cikin lensin ta fi tasiri saboda sensa ba ta da filin matsawa mai yawa. Idan kyamara da lensi na kamfani ɗaya ne sukan yi aiki tare, makunni ɗaya ya sarrafa duka biyun.

Kada ka cire lensi ko ka zare batir alhali kana jin na'urar tana ɗan gurnani, domin tana ci gaba da aiki na 'yan daƙiƙu bayan ka saki maɓalli, kuma a lensuna da yawa sai ta tsaya take kulle gilasan wuri ɗaya. Ka kashe kyamara, ka ɗan jira, sannan ka cire. Tana kuma cin batir, don haka ka riƙe na biyu a aljihu ranar hawa. Lensin zum da ke miƙewa yana zuƙar iska duk lokacin da aka murɗa shi, iskar filin hawa kuwa ƙura ce zalla, saboda haka ka bar hular lensi mai kewaye bakinsa a kai, ka guji sauya lensi a fili, ka hure ƙura da roba mai hura iska kafin ka sa ƙyalle, don kada yashi ya karce gilashi. Da damina kuma ka ajiye shi a wuri busasshe tare da ƙullin ƙwayoyin silika masu shan laima, saboda fumfuna tana tsirowa a cikin gilasan da aka rufe a jaka mai danshi.

Akwai wani ɓacin hoto da ba na hannu ba ne, ba na doki ba ne, kuma za ka gamu da shi da zarar ka fara janyo abin da ke nesa sosai da tsakar rana. Ƙasa mai zafi tana dumama iskar da ke samanta, iskar ta riƙa karkatar da haske, sai layukan gini su fito a lanƙwashe kamar ana kallonsu ta cikin ruwa, hazon hunturu kuma ya kashe launi da kaifi. Mutane da yawa sun mayar da lafiyayyen lensi kanti saboda wannan. Babu makunnin da ke gyara shi, sai dai ka matsa kusa ka rage yawan iskar da ke tsakaninka da abin da kake ɗauka, ko ka sami wuri mai tudu domin hasken ya bi ta saman iska mai zafi, ko ka jira safiya da la'asar sakaliya. Idan har bayan ka kiyaye waɗannan duka kana zargin na'urar, ka saita lensin a 300mm, ka kalli wani abu da ke tsaye, ka danna maɓalli rabi. Lafiyayyiya za ta kwantar da hoton ya riƙa shawagi a hankali, amma idan ya yi ta fizga, ko yana zamewa gefe ba ya tsayawa, ko ka ji ƙara mai kama da karta, lokacin kai shi wurin mai gyara ya yi, kuma wannan gwajin ne ya kamata ka yi a gaban mai sayarwa duk ranar da za ka sayi lensi na hannu.